Samari, ba kowane siks fak da ya karkace ne motsa jiki ke gyarawa ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu in yi magana da ƙannenmu samari masu ɗaga ƙarfe, a kan wani abu da ake gani ƙarami ne amma yana kai wasu gadon asibiti. Ni ina horar da matasa ne a wani ɗan jim na unguwa a nan Kaduna, irin wanda rabin kayan aikin siminti ne aka zuba a gwangwanin fenti aka soka masa ƙarfe a tsakiya. Tambayar da ta fi zuwa min yanzu a kan siks fak ce, wato gidajen naman da ke fitowa a gaban ciki, sai yaro ya ce, "Koci, siks fak ɗina ya fito amma a karkace, na dama ya fi na hagu hawa sama, me zan yi ya daidaita?" Kuma kafin yaro ya zo ya tambaya to ya riga ya shiga TikTok an ce masa ya dinga yin sitof, wato atisayen tashi zaune daga kwance, na gefe ɗaya ɗari biyu kullum, ko ya ɗaure cikinsa da wani bel da ake tallatawa.

Abin da nake so su gane shi ne, a mafi yawan lokuta wannan ba matsala ba ce, halitta ce. Naman gaban ciki guda biyu ne dogaye, na dama da na hagu, sun taso daga ƙashin mara har zuwa haƙarƙari, akwai wata farar jijiya da ta raba su a tsakiya ta bi ta cibiya. Su waɗannan gidajen da ake ƙirgawa a ce shida ne ko takwas, wasu jijiyoyi ne suka gitta naman suka yanka shi gida-gida, yawancin mutane uku gare su a kowane ɓangare, wani biyu, wani huɗu. Inda jijiyar dama ta gitta ba dole ne ya zo daidai da inda ta hagu ta gitta ba, kuma tun mutum yana cikin mahaifiyarsa aka gama wannan zanen. Kamar zanen tafin hannu ne, ba wani atisaye da zai matsar da shi. Motsa jiki yana ƙara wa naman kauri ne kawai, jijiyar tana nan inda take. Ku je ku duba hotunan Arnold Schwarzenegger, mutumin da ya ci gasar masu gina jiki ta Mr. Olympia sau 7, daga 1970 zuwa 1975 sannan 1980, gidaje huɗu ne ake gani sosai a cikinsa, bai hana shi komai ba.

Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga yaro ɗan shekara 17 ya rungumi guntun siminti a ƙirji yana ta murɗa ƙugu gefe ɗaya, fuska a murtuke, jijiyar wuya ta miƙe, yana jan kansa da hannu, wai yana gyara layi. Layin ba zai gyaru ba, abin da zai samu shi ne ciwon baya da ciwon wuya, kuma da hannunsa zai jawo wa kansa rashin daidaiton da da can babu shi.

To amma akwai wanda ake gyarawa, shi ne in ɓangare ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi ko kauri saboda yadda mutum ke amfani da jikinsa. Wanda ke ɗaukar buhu kullum a kafaɗa ɗaya, ɗan dambe da ke kai naushi da hannu ɗaya, mai noma da ke juya fartanya ta gefe guda, ɗan ƙwallo da ƙafa ɗaya kawai yake bugu da ita, duk waɗannan naman gefen cikinsu ba ya aiki daidai. Gwajin ba wuya. Ka kwanta ta gefe, ka dogara a gwiwar hannu, ka ɗaga ƙugu sama jiki ya miƙe sambal daga kai zuwa ƙafa, ka kunna agogon wayarka. Ka huta, ka juya ɗaya gefen. In dama ta kai minti ɗaya hagu kuma ta fara rawa a daƙiƙa 30, to ka ga inda aikin yake. Kuma gyaran ba shi ne ka bar mai ƙarfin ka danne mai raunin ba, a'a, ka fara da mai raunin ne tun kana da ƙarfinka, iya abin da ya iya shi za ka ba wa ɗayan, kar ka ƙara masa ko ɗaya, a hankali za su haɗu.

Wani atisayen da nake ba yarana ba ya buƙatar ko sisi. Jarka mai lita 10 ka cika ta da ruwa, kilo 10 ke nan, ka riƙe ta a hannu ɗaya ka yi tafiya a miƙe, kafaɗu a daidai, kar ka bari ta ja ka gefe, sannan ka canza hannu. Za ka ji gefen da babu jarkar ne ke ta fama, shi ne ke riƙe ka. Sai kuma ka durƙusa da hannuwa da gwiwoyi a ƙasa, ka miƙa hannun dama gaba da ƙafar hagu baya a tare ba tare da ƙugu ya karkata ba, a hankali, kana numfashi. Sau biyu ko uku a mako ya isa, amma sai an yi haƙurin watanni, ba abin mako guda ba ne. Kuma don Allah a dinga sa wani ya ɗauki bidiyo ta gaba, mutum ba ya sanin yana jirkicewa sai ya ga kansa.

Maganar kitse kuma, wani sa'in gefe ɗaya ya fi ɓoyuwa ne saboda kitsen da ya rufe shi, kuma sitof ba ya ƙone kitsen wurin da ake motsawa. An yi wani bincike a Amurka a 2011, aka sa mutane atisayen ciki har mako 6, naman ya ƙara juriya amma kitsen cikin bai ragu ba. Abinci ne da tafiya da gudu ke rage shi a duk jiki. Wake, ƙwai, awara, kifi, nono, duk muna da su, a rage lemon kwalba da soye-soye. Shayin rage tumbi da allurai da ake sayarwa a bayan fage kuwa, ƙoda da hanta ne ke biyan kuɗinsu.

Abin da ya fi sa ni rubuto wasiƙar nan dai shi ne na ƙarshen nan. Akwai kumburin gefe ɗaya da ba nama ba ne sam. In ka ga wani ƙullutu a kusa da cibiya, ko saman ta, ko a matsematsi, yana ƙara fitowa in ka yi tari ko ka ɗaga nauyi, ya koma in ka kwanta, to wannan alamar ƙaba ce, hanji ko kitse ne ke leƙowa ta inda bangon ciki ya yi rauni. Na taɓa ganin saurayi yana nuna wa abokai irin wannan yana murna wai fak ya fara fitowa. Atisaye ba ya maganin ƙaba, ƙara ta yake, aikin likita ne. In kuma ƙullutun ya ƙi komawa, ya yi tauri da zafi, ga amai, to ba a jiran gari ya waye, hanji na iya maƙalewa ya mutu. Haka wanda kafaɗarsa ɗaya ta fi ɗaya tsawo ko ƙugunsa a jirkice, wataƙila ƙashin bayan ne ya lanƙwasa, ya je a duba shi a sashen gashin ƙashi, ko asibitin ƙashi irin na Dala a Kano. Yayyenmu mata da suka gama jego su ma, in tsakiyar ciki na tasowa ya yi tsini lokacin tashi daga kwance, naman ne ya rabu saboda ciki, kar su fara sitof sai ma'aikacin lafiya ya gani.

Malam Edita, ina roƙon jaridarku ta gayyato likitan gashin ƙashi da likitan tiyata su yi bayanin nan a shafin lafiya da Hausa, da hotuna in da hali, domin yaranmu bidiyon Turanci suke kallo suna kwaikwayon rabi su bar rabi. Masu jim na unguwanni kuma mu dinga tambayar yaro ko yana da kumburi ko ciwon baya tun ranar da ya zo yin rajista, kafin mu karɓi kuɗinsa.

Na gode, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Daga mai karatunku, Tudun Wada, Kaduna.