Kwaɗo a ƙofar zaure, katangar baya a rushe

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini domin in yi magana da 'yan'uwana masu ɗauke da amanar jama'a a cikin laftof. Ni sakataren wata ƙungiyar manoman shinkafa ne a nan Argungu, shekarata takwas a kan wannan kujera, kuma abin da zan faɗa da idona na gan shi.

A daminar bara ruwa ya tare ni a kan babur ina dawowa daga Birnin Kebbi. Kafin in sami inda zan fake jakata ta jiƙe sharkaf. Da na iso gida na danna laftof ɗin, ko ƙyaftawa bai yi ba. Washegari na koma Birnin Kebbi wurin wani yaro mai gyara, wanda bai kai ɗana na biyu shekaru ba. Ya duba ya ce allon cikin ya ƙone, gyaransa ya kusa kuɗin sayen wani. Na ce masa ni ba injin ne ya dame ni ba, takardun ƙungiya ne. Ya ce, "Baba, kwantar da hankalinka, wanga ba wani abu ba ne."

Sai ya kife laftof ɗin a kan wani guntun kafet, ya ɗauko ƙaramar sukundireba, ya kwance 'yan kusoshi yana zuba su a murfin kwalba. Ya zaro wani abu mai faɗi da bai wuce tafin hannuna ba. Wannan shi ne rumbun ajiyar kwamfuta, wanda su masu gyara ke kira had-dis. Ya zura shi cikin wani kwanso mai igiya, ya jona da tasa kwamfutar. Ni kuwa na matso da kujera na miƙa hannu zan rubuta masa kalmar sirrina, don ko matata ban taɓa faɗa mata ita ba. Ya ce, "Bar shi, Baba, ba a bukata." Ban rufe baki ba sai ga jakunkunan takarduna sun jeru a allonsa, kowace da sunan da na raɗa mata.

Da farko farin ciki na yi, har na yi hamdala da ƙarfi. A kan hanyar komawa gida ne jikina ya yi sanyi. A cikin wannan rumbu akwai sunayen membobinmu sama da ɗari biyu, da lambobin wayarsu, da lambar NIN da ta BVN, da lambar asusun banki, da hotunan fasfo har na matan aure da suka shiga ƙungiyar da izinin mazajensu. Akwai jerin wanda ya karɓi bashin taki, da buhu nawa kowa ya sayar, da ranar da kuɗinsa suka shiga. Duk wanda ke zaune a Kebbi ko Zamfara ya san abin da irin wannan takarda za ta haifar idan ta faɗa hannun masu kai wa 'yan bindiga rahoto. Ko mu bar wannan, ɗan damfarar da zai kira tsoho a waya ya faɗa masa sunansa da bankinsa da lambar BVN ɗinsa ya gama rabin aikinsa. Yaron nan mutumin kirki ne, Allah Ya saka masa da alheri. Amma da a tasha aka fizge jakar, ɓarawon ma abin da zai yi ke nan, cikin mintuna kaɗan.

Shekara takwas ina ganin na kulle ɗaki. Ashe kalmar sirrin da Windows ke tambaya idan an kunna kwamfuta kamar kwaɗo ce a ƙofar zaure alhali katangar baya a rushe take. Tana hana wanda ya biyo ta ƙofa, amma rubutun da ke cikin rumbun yana nan yadda yake, kowace kwamfuta za ta karanta shi. Haka ma kalmar da wasu ke sawa a BIOS, wadda ake tambaya tun kafin Windows ta tashi: inji take tsarewa. In an zare rumbun an kai shi wani wuri, ta tashi aiki, sai dai in mutum ya sa wadda ke kulle shi kansa rumbun.

Maganin da na samu, kuma shi ne dalilin wannan wasiƙa, shi ne a kulle rumbun ta yadda duk abin da ke cikinsa zai koma tarkacen lambobi marasa ma'ana, sai mai mabuɗi kaɗai ke iya mayar da shi rubutu. Kamfanin Microsoft ya sa wannan a cikin Windows tun zamanin Vista, sunansa BitLocker. Yana cikin nau'in Windows da ake kira Pro, wanda yawancin laftof ɗin tokumbo da suka fito daga ofisoshin Turai da Amurka ke zuwa da shi. Ba a biyan ko kwabo a kansa. Ka rubuta sunan a wurin bincike na Windows, ka kunna, ka bi abin da yake tambaya. Masu nau'in Home da yawa suna da wani sauƙaƙƙen tsari makamancinsa idan injinsu na ɗauka. Masu kwamfutar Apple nasu FileVault ne. Wanda injinsa ya tsufa ko bai da ko ɗaya, akwai VeraCrypt, ita ma kyauta ce, sai dai tana son wanda ya san hannunsa ya tsaya a kai.

Da na sayi wani laftof na hannu, na kunna BitLocker bayan la'asar, na bar shi a jone da sola, bai gama ba sai bayan isha'i. Kuma da yake wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake yi, ban yarda ba sai da na gwada. Na koma wurin yaron nan na ce ya zare wannan ma. Ya zare, ya sa a kwanson nan, ya jona. Wannan karon babu jaka ko ɗaya da ta fito, sai wani ɗan akwati yana neman mabuɗi. Ya juyo ya ce, "Baba, wanga kam sai kai."

To a nan ne nake so masu karatu su buɗe kunne, domin wuƙar baki biyu gare ta. Lokacin kunnawa, BitLocker zai ba ka wasu lambobi guda 48. Su ne mabuɗin ko-ta-kwana. Ranar da allon inji ya ƙone kamar nawa, ko aka taɓa wani abu a cikinsa ya ƙi buɗewa, da su kaɗai za ka shiga. In ka ɓatar da su, babu mai gyaran da zai cece ka, a Birnin Kebbi ne ko a Kano ko a Legas. Kada ka ajiye su a cikin kwamfutar da ka kulle. Ni na rubuta su da biro a takarda biyu, na karanta sau uku ina gwadawa da na allo. Ɗaya tana cikin akwatin ƙarfe tare da takardun gonata. Ɗayar na liƙe ta a ambulan na damƙa wa shugaban ƙungiyarmu a gaban ma'aji. Na yi haka ne don rai ba a bakin komai yake ba. In Allah Ya ɗauke ni yau, bashin mutane da haƙƙinsu na cikin injin nan, kuma ba na so a zo ana rantse-rantse a kan wa ya biya wa bai biya ba saboda na tafi da mabuɗi kabari. Duk ɗan kasuwar da ke rubuta bashi a kwamfuta ya kamata ya sa wannan a cikin wasiyyarsa.

Wasu sababbin injina masu Windows 11 ma suna kulle rumbun da kansu idan mutum ya shiga da asusun Microsoft, su ajiye lambobin a can cikin asusun. Mai irin wannan ya shiga ya kwafo su tun yanzu, musamman in wani ne ya buɗe masa asusun a shago.

Bayan an kulle rumbu ne kalmar sirrin shiga take da daraja, don ita ta rage ƙofa. Saboda haka a daina sa shekarar haihuwa, ko sunan ɗan fari, ko 1234. Ni jimla na haɗa da Hausa, doguwa, wadda ni kaɗai na san abin da ya haɗa kalmominta. Filashin da nake kwafe takardu a ciki duk ƙarshen wata shi ma na kulle shi, don ya fi laftof saurin ɓata. Tsohon rumbun kuwa ban bari a shago ba. Goge takarda ko yi wa rumbu fomat na gaggawa ba ya kawar da ita, akwai manhajojin da ke tono ta.

A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta ɗora wa duk mai tattara bayanan mutane nauyin tsare su. Mu a ƙauye ba mu jira doka ta gaya mana mene ne amana ba. Amma ina ganin hedimastoci da ke yawo da sakamakon ɗalibai, da ma'aikatan lafiya masu sunayen marasa lafiya, da masu shagon buga takardu da kowa ke kai wa katinsa na ɗan ƙasa, dukkansu a kan irin kwaɗon da na dogara da shi suke. Ina roƙon masu gyara su riƙa faɗa wa masu kawo musu aiki gaskiyar lamarin. Kai kuma Malam Edita, don Allah ka sa wani daga cikin ma'aikatanka ya buga yadda ake kunna wannan kulle daki-daki, da Hausa, da hotuna, domin in yanke shafin in kai taron ƙungiyoyinmu na wata mai zuwa.

Wassalam.

Naku,
Sakataren ƙungiyar manoma,
Argungu, Jihar Kebbi.