Wasiƙa Zuwa Ga Aminina Kan Auren 'Yarmu

Unguwar Rimi, Kaduna.

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali a can Fatakwal, dalilin rubuto maka wannan takarda shi ne in sanar da kai cewa Allah Ya kawo lokacin auren 'yarka ta wajena, babbar, wadda kai ka kama min ƙafar rago ranar sunanta. Magabatan yaron sun zo gaisuwa, sun kawo kuɗin sa rana, kuma an tsayar da Asabar ta biyu bayan Babbar Sallah, a masallacin Sultan Bello, da ƙarfe 11 na safe.

Yaron Bazazzagi ne, malamin makaranta, kuma binciken da na sa aka yi a unguwarsu bai turo komai ba sai alheri. Kafin in amsa musu na ce sai an yi gwajin jini, domin ita AS ce, wato tana ɗauke da gadon sikila a jininta amma ba ta da ciwon, kuma ka san idan AS ta haɗu da AS, kowane ciki yana da haɗarin kashi 1 cikin 4 na zuwa da ciwon sikila. Wasu daga cikin dangi sun ga kamar na tsananta, amma duk wanda ya taɓa kwana a asibiti da yaron da ƙasusuwansa ke ciwo ba zai ga haka ba. Sakamako ya nuna shi AA ne, muka yi hamdala. Sharaɗina na biyu shi ne ta ƙarasa karatunta a Jami'ar Jihar Kaduna daga ɗakinta, kuma sun amince a gaban shaidu.

Sadaki ban tsawwala ba, tun da mafi ƙarancinsa a mazhabarmu rubu'in dinari ne, wato abin da ya ɗan haura giram 1 na zinari, kuma albarka muke nema. Nauyin yana ga kayan ɗaki. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, farashin da kafinta ya faɗa maka yau ba shi zai faɗa maka jibi ba. Mahaifiyarta ta daɗe tana zubin adashe, tana sayen kuloli da tangaran tana turawa ƙarƙashin gado, ga tukwane da ta sa aka ƙera a Panteka, amma har yanzu da sauran gado da kujeru da firji, ban da gara. Na ce mata iya ruwa fidda kai, ba zan ci bashi don 'yan ganin jere su yaba ba. Ta saurare ni dai, ban ce ta yarda ba.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai ba kuɗi ba ne. Ka san yadda aka rene mu a kan kunyar ɗan fari: har yau ban taɓa kiran sunan yarinyar nan a gaban mutane ba, ban taɓa zaunar da ita mun yi doguwar hira ba, alhali ita ce take jiran dawowata daga masallacin Asuba ta ajiye min shayi a bakin tabarma, ta gaishe ni a durƙushe, ta tashi. Yanzu da tafiyarta ta matso, sai na ga ina da maganganu da yawa da nake son ta ji, kuma na san ranar da gwaggonninta za su kawo ta sallama, lulluɓe cikin mayafi tana kuka, ba abin da zai iya fita daga bakina da ya wuce "ki yi haƙuri, Allah Ya yi miki albarka".

Shi ya sa nake roƙonka ka zo ka karɓi waliccin auren nan, ka bayar da ita da bakinka. Na yi shawara da Yaya Babba, wanda bisa al'ada shi ya kamata ya tsaya, ya ce ya bar maka da zuciya ɗaya. Ina so kuma ka zaunar da ita kafin a shiga hidimar kamu da sa lalle, ka gaya mata ta riƙe mijinta da iyayensa da mutunci, ta rufa asirin gidanta, amma ta sani haƙurin da ake cewa ta yi bai haɗa da haƙuri da duka ko wulaƙanci ba, kuma ƙofar gidan ubanta ba a rufe take ba. Daga bakinka za ta ji wannan ba tare da nauyi ya hana ta tambaya ba. Shi ma angon ina so ka ja shi gefe.

Idan ka sauka Abuja, ka hau jirgin ƙasa daga Idu zuwa Rigasa, yara za su tarbe ka a tasha. Ka yi ƙoƙari ka iso tun ranar Laraba, kuma ka taho da Hajiya, domin uwar amarya ta ce da ita za a yi jere. Ka sanar da ni da wuri don a sa sunanka a katin gayyata.

Wassalam.

Naka amini har kullum.