Tashoshin Talabijin na Jihohinmu Su Tuna da Masu Kallo ta Intanet

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in yi magana a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato kallon tashoshin talabijin a kwamfuta ta hanyar intanet, da irin sakacin da yawancin tashoshin jihohinmu na Arewa suke yi da masu kallo ta wannan hanya. Ni ɗan Arewa ne da neman abinci ya kawo Fatakwal shekara goma sha ɗaya da suka wuce. A gidana babu eriya, babu dish, babu dikoda. Abin da muke da shi kwamfutar tafi-da-gidanka ce guda ɗaya, wadda nake aiki da ita da rana, da dare kuma mu ɗora ta a kan tebur, mu haɗa ta da datar waya, ta zama talabijin ɗin iyali. Na zaɓi haka ne saboda idan an ɗauke wuta batirinta yana riƙe caji wajen awa uku, allonta kuma ya ishi mutum biyar ko shida su kewaye shi, abin da waya ba za ta iya ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne a azumin da ya wuce. Mahaifiyata ta zo wurina domin a duba mata ido, sai jinya ta riƙe ta har bayan Sallah. Duk shekara a gida, ba ta wasa da tafsirin da ake yi a babban masallacin garinmu, wanda tashar jiharmu take sakawa bayan an sha ruwa. A daren farko na buɗe mata tashar da ke nuna Masallacin Harami kai-tsaye, ta ga ɗawafi tar kamar tana wurin, har tana nuna wa jikokinta inda ta tsaya shekarar da ta sauke farali. Da ta gama sai ta ce in kamo mata tafsirin gida. Na shiga shafin tashar tamu, na danna inda aka rubuta ana watsawa kai-tsaye, sai wani ɗan da'ira ya yi ta juyawa a tsakiyar baƙin allo har muka gaji. Na koma shafinsu na sada zumunta, na tarar bidiyon ƙarshe da suka saka ya yi watanni, shi ma ɗin na wani taron rantsar da jami'ai ne. Hajiya ta gyara zama ta ce, "Kai wannan yaro, ashe abin naka yana kai mutum Makka amma ba ya kai shi gida?" Na rasa amsar da zan ba ta. Ranar hawan Sallah ma haka muka yi, sai guntayen bidiyo da ƙanena ya ɗauka da waya daga cikin turmutsitsi ya turo mana.

Da a ce abin mai wuya ne ko mai tsada, da na yi musu uzuri. Tashar da ta riga ta mallaki kyamarori da ɗakin watsa shirye-shirye ba ta buƙatar wani abu mai yawa. Hoton da muryar da take aikawa zuwa na'urar watsawa, su ne za a ja reshensu zuwa wata ƙaramar na'ura ko kwamfuta mai matse bidiyo, ita kuma ta tura shi intanet. A can ana yanyanka shirin zuwa guntaye na 'yan daƙiƙoƙi, kwamfutar mai kallo tana karɓarsu ɗaya bayan ɗaya tana jerawa, idan sabis ya yi ƙarfi ta ɗauki mai kyawun hoto, idan ya yi rauni ta sauko zuwa mai sauƙi. Wannan jerawar ce take sa mai kallo ta intanet ya riƙa zama a baya kaɗan, shi ya sa a ranar wasan ƙwallo nake jin ihun maƙwabta masu dish kafin in ga an ci. YouTube da Facebook ba sa karɓar ko kwabo daga tashar da take son watsa shirinta kai-tsaye. Abin da ake buƙata layin intanet ne mai ɗorewa, da wuta, da ma'aikaci guda da aka ɗora wa alhakin abin. Tashoshi masu zaman kansu irin su Channels da Arise sun daɗe suna yin haka dare da rana, Arewa24 da ta fara aiki a 2014 ta fitar da manhajarta ta kallo, sashen Hausa na BBC da na DW kuma kullum suna saka bidiyonsu a intanet. Har ƙananan majalisun wa'azi na unguwanni suna watsa karatunsu da waya ɗaya a kan sanda.

Abin yana ƙara yi mini ciwo idan na tuna cewa Arewa ba baƙuwa ba ce a harkar talabijin. Bayan tashar Ibadan da aka buɗe a 1959, gwamnatin Sardauna ta kafa gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, tun lokacin da mai akwatin kallo a unguwa guda ake nunawa da yatsa. A 1977 aka haɗe tashoshin da ake da su a ƙarƙashin NTA, daga baya jihohi suka sake kafa nasu, kamar yadda Kano ta yi da CTV a zamanin Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi, tashar da yanzu take ɗauke da sunansa. Mutanen wancan zamani sun ga sabuwar fasaha sun rungume ta da hannu biyu, alhali kayan aikin nata sai an yi odarsu daga Turai da maƙudan kuɗi. Yau da abin ya sauƙaƙa, sai muka tsaya jiran sauya tsarin watsawa zuwa na dijital, wanda wa'adinsa na duniya ya cika tun watan Yunin 2015, aka ƙaddamar da shi a Jos a 2016, bai isa Kano ba sai 2021. Ko da an kammala shi gobe, eriyar jiha iyakarta jihar da kewayenta. Ba za ta kai ga ɗan kasuwarmu da ke Alaba ko Mile 12 a Legas ba, ko mazauna Sabo a Ibadan, ko zangon Kumasi, ko ɗalibanmu da ke Alƙahira da Madina, kuma waɗannan su ne suka fi kowa ƙishirwar labarin gida.

Sai dai akwai abin da nake so tashoshin su sani kafin su fara, domin na ga wasu sun shigo intanet ɗin amma sun shigo ta hanyar da talaka ba zai iya bin su ba. Magana ce ta data. Na sha aunawa da kaina a wannan kwamfuta tawa. Idan na sauko da hoton zuwa lamba 360, cikin lambobin da ke nuna ingancin hoto, awa guda tana cin megabait ɗari uku ko kusa da haka, kuma ana gane fuskar mai magana sarai, murya ma ba ta canzawa. Idan na bar shi a 720 sai awar ta haɗiye kusan gigabait guda, 1080 kuwa ta wuce haka nesa. Iyalin da ke kallon awa biyu kowane dare, bambancin da ke tsakanin waɗannan lambobi a ƙarshen wata ba ƙarami ba ne, musamman tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farashin kira da data a watan Janairun 2025. Tashar da ta sa na'urar kallo a shafinta ba tare da wurin rage ingancin hoto ba, ta kori mafi yawan mutanenta ba ta sani ba. Labaran ƙarfe bakwai da tafsiri da shirin manoma ba sa buƙatar hoton da za a ƙirga gashin gemun mai magana. A ba mu zaɓi, har da na sauraren murya kawai ga wanda datarsa ta kusa ƙarewa. Masu kallo kuma ina ba su shawarar su riƙa duba ɗan alamar saiti da ke ƙasan bidiyo su zaɓi lambar da kansu, domin kwamfuta idan ta ga sabis mai ƙarfi babban hoto take ɗauka, ba ruwanta da aljihun mai ita.

Wannan giɓi da tashoshinmu suka bari, miyagu ne suke cike shi. Duk wanda ya rubuta sunan wata tashar Hausa a injin bincike zai ci karo da shafuka masu alƙawarin tashoshi dubu kyauta, wasu kuma su ce sai ka sauke wata manhaja tukuna. Na taɓa faɗawa tarkonsu, kuma ba zan manta ba. Ina zaune da 'ya'yana biyu muna neman wani shirin yara, na danna maɓallin kunnawa, sai wasu shafuka suka ɓullo da kansu ɗauke da hotunan da bai kamata babba ma ya gani ba, balle yarinya 'yar shekara bakwai. Na rufe murfin kwamfutar da sauri, amma ido ya riga ya gani. Bayan kwana biyu na'urar ta fara nauyi, tallace-tallacen caca suna fitowa ko ban buɗe komai ba, sai da na kai ta wurin mai gyara ya goge ta gaba ɗaya, na yi asarar takardun aiki na wata uku. Mai gyaran ya shaida mini cewa irin waɗannan manhajoji har kalmomin sirrin da mutum ya adana a burauza suke kwashewa, na banki da na imel. Yawancin abin da waɗannan shafuka suke nunawa ma sata ce, domin haƙƙin nuna wasanni da fina-finai ƙasa-ƙasa ake sayar da shi, shi ya sa tashar halal takan ce maka ba a nuna wannan shiri a ƙasarka bayan ta gane inda kake ta adireshin intanet ɗinka. Mai kallo ya tsaya ga shafin tashar na ainihi ko zaurenta na YouTube ko Facebook da aka tantance, kuma duk inda aka ce sai ya sauke wani abu kafin ya ga hoto, ya juya. Amma ta yaya zai tsaya ga shafin ainihi idan shafin ainihin a mace yake?

Akwai kuma batun adana kaya. Facebook ya sanar a 2025 cewa bidiyon da aka watsa kai-tsaye kwana talatin kawai zai riƙa yi kafin a goge shi, don haka tashar da ta dogara da shi kaɗai tana zuba ruwa ne a kwando. A ɗakunan ajiyar gidajen talabijin na Kaduna da Kano da Sakkwato da Jos akwai tsofaffin kaset na wasannin kwaikwayo, da hirarrakin dattawa, da hawan sarakunan da suka riga mu gidan gaskiya, zafi da ƙura suna cin su. Marigayi Usman Baba Pategi, wanda duniya ta sani da Samanja, ya rasu a 2023, Ƙasimu Yero kuma tun 2017, amma yaron da aka haifa yau idan ya nemi aikinsu, sai dai guntaye masu dishi-dishi da wani mai kishi ya kwafa daga kaset ɗin gidansu. Waɗannan kayan da kuɗin jama'a aka yi su, kuma mayar da su na dijital a ɗora su a zauren tashar zai jawo mata masu kallo da kuɗin talla.

Ba na cewa a yar da eriya. Na san a watan Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a Zamfara da wasu sassan maƙwabtanta saboda matsalar tsaro, mutane suka koma ga rediyo da talabijin na gargajiya. Na kuma tuna ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, muka yi kwanaki sabis yana jan ƙafa. Ƙauyuka da dama ma har yau sai an hau tudu ake samun sabis. Eriya tana da mutanenta, mu ma da muke nesa mutanen tashar ne, iyayenmu suna can, harajinsu ne yake biyan albashin ma'aikatanta.

Saboda haka ina kira ga kwamishinonin yaɗa labarai da shugabannin tashoshin jihohi da su ware ɗan kaso a kasafinsu domin wannan aiki, su naɗa masa ma'aikaci na dindindin daga cikin matasan da suka karanci aikin jarida da kwamfuta a jami'o'inmu, su kuma riƙa rubuta adireshin zaurensu na gaskiya a ƙasan allo lokacin labarai domin jama'a su bambance shi da na bogi. Hukumar NBC, wadda take ba su lasisi, za ta iya tambayarsu inda suka kwana a kan wannan. Kai ma, ya Edita, ina roƙon ka tura wakilanka su gwada shafukan tashoshin jihohin Arewa goma sha tara ɗaya bayan ɗaya a rana guda, su buga mana waɗanda suke aiki da waɗanda ba sa yi. Likita ya ce Hajiya ta dawo a sake duba idon nata kafin azumi mai zuwa, kuma na san abin da za ta fara tambayata da zarar an sha ruwa.

Wassalam.

Naka mai karanta jaridarka a kullum,
daga Fatakwal, Jihar Ribas.