Amsa ga Malamin da ya ce an biya ni

Assalamu alaikum Malam,

Na ga tambayar da ka jefo mini a Facebook bayan shirin da na yi a rediyo. Ka ce don me zan hana mata man shanu da kitsen nama, alhali kitse ne ke cika ɓargo ya ƙarfafa ƙashi, ko kuwa masu sayar da maganin kolestarol ne suka biya ni?

Maganar biyan nan ce ta hana ni barci. Shekarata 19 ina aikin jinya a cikin garin Gombe, kuma Allah ne shaidata, ba kamfanin da ya taɓa ba ni ko sisin kwabo. Da ka saurari shirin har ƙarshe, da ka ji na ce kada kowa ya sha statin, wato maganin rage kolestarol, don ƙashi. A 1999 masu bincike a Amurka sun ga maganin yana gina ƙashi a jikin ɓeraye, aka yi ta murna. Da aka duba sakamakon wani babban gwajin maganin a jikin mutane, mai suna JUPITER, mai mutum sama da 17,000, sai aka tarar bai rage karaya ba. Wadda aka biya ba za ta faɗi haka a rediyo ba.

Gaskiyarka a wuri ɗaya, jiki na buƙatar kolestarol. Daga danginsa fata ke samar da bitamin D idan rana ta taɓa ta, daga shi kuma ake ƙera isturojin, sinadarin da ke tsare ƙashin mace. Sai dai jiki da kansa ke haɗa mafi yawansa, musamman hanta, ba sai an sha man shanu da ludayi ba. Batun ɓargo kuwa, kitsen cikinsa ƙaruwa yake yi a ƙashin da ke zaizayewa.

Abin da na faɗa shi ne: idan mace ta daina al'ada, wajen shekara 50, isturojin ya yi ƙasa, sai mugun kolestarol ya hau a jini, ƙashi kuma ya shiga zaizayewa da sauri. Shi ya sa ake yawan ganin su tare a jikin mace ɗaya.

Ban so faɗar wannan ba, Malam, amma a shafin da ka tuhume ni, a nan kake tallar haɗin man shanu da zuma na ƙarfin ƙashi. Ya kamata masu bin ka su san haka.

Goggona ta zame a banɗaki, ƙugunta ya karye. Wata uku tana kwance hannun mai ɗori, ana ɗura mata man shanu safe da yamma, ga hawan jini. Ba wanda ya ce a ba ta kindirmo, ko miyar kuka, ko a fito da ita tsakar gida ta sha hantsi. Ba ta ƙara takawa ba har Allah Ya karɓi abarSa. Irinta nake karɓa a ɗakin mata, yawanci bayan an makara, kuma su nake tunawa duk lokacin da na zauna gaban makirfo.

Wassalam,
'Yar'uwarka ma'aikaciyar jinya, Gombe