Garmar Baba Tsoho

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da iyali, da sauran 'yan'uwanmu na Kumasi. Mu nan alhamdu lillahi, an gama girbin gero, dawa ta kusa.

Makon jiya muka je gida Ungogo, zaman dangi a kan gonar kakanmu Baba Tsoho. Gari ya ci har bakinta, dillalai kuma sun matsa a yanka ta filoti-filoti. Kafin a zauna na zagaya wajen tsohon rumbunsa da ya rushe, sai ga bakin garmarsa a cikin ƙasa, ƙota ta daɗe da ruɓewa, ƙarfen ya suɗe gefe guda saboda huɗa. Wallahi sai da na nemi wuri na zauna. Kai kaɗai ka faɗo mini a rai, don tare muka sha furarsa a gindin ɗorawar nan.

Mu mun tarar da shi ya tsufa, muna ganin tsaurinsa a kan hatsi kamar ya yi yawa. Sai da na girma na gane mafarin abin. Yana yaro jirgin ƙasa ya iso Kano, a 1912 gyaɗa ta yi kuɗin da ba a taɓa gani ba, mutane suka karkata gare ta. Damina ta ƙi a 1913, sai ga yunwar Ƙaƙalaba a 1914. Ya sha gaya mana cewa da idonsa ya ga mutum da kuɗi a hannu ba hatsin saye, ya ga mata suna tonon gidan tururuwa don ƙwayar da ta tara. Ƙanwarsa a wannan shekarar ta rasu, tana goye a bayan uwarsu.

Shi ya sa ko lokacin da dalar gyaɗa ke tashi a birni bai ruɗu ba. Yana noma ta daidai ta haraji da suturar Sallah, sauran gandu kuwa gero ne da dawa, da wake a tsakanin kunya. Iyayenmu su yi aikin gandu tun hantsi bai ɗaga ba har azahar, sannan kowa ya nufi gayaunarsa. Da rani bai san zama ba. Kullum da asuba zai kora jakinsa birni da itace, ya dawo da mangala cike da taki, ya bi gona yana zubawa tsibi-tsibi. Ƙasar da dillalai ke awo da igiya yau, a bayan jaki aka kawo ƙarfinta.

Rumbu ɗaya yake warewa, ya cika shi da dammunan gero ba sussuka, ya liƙe, ba mai taɓawa sai sabo ya shigo gida. A farin da aka yi a 1973 ya buɗe shi. Innarmu ta ce har maƙwabta sai da suka ci, da dare yake aikawa don kada a ga mai karɓa. Da cuta ta kashe gyaɗa a 1975, gidanmu bai girgiza ba. Ya ga soke haraji a 1979, zamanin Abubakar Rimi, bai daɗe ba Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna makoma.

A zaman na ce kasona ba na sayarwa ba ne. Ban ga laifin masu son sayarwa ba, akwai mai ɗawainiyar asibiti, akwai mai aurar da 'ya, kuma haƙƙinsu ne. Baffa ya ba ni wata biyu in nemo kuɗin kason ɓangaren da ɗorawar take. Ka san ƙarfina, don haka ina neman shawararka da addu'arka, kuma in da wata hanya da ka hango, kada ka ɓoye mini.

Garmar na kai wa maƙeri ya sa mata ƙota. In ka zo da babbar Sallah za ka gan ta.

Ka gaishe da Hajiya da yara.

Naka har kullum,
Amininka