A koya wa ɗalibanmu haɗa MPI da OpenMP yadda ya kamata

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in ja hankalin malaman kimiyyar kwamfuta na Kano, daga Jami'ar Bayero zuwa sauran makarantu, kan manyan lissafe-lissafe irin na hasashen damina, waɗanda suka fi ƙarfin kwamfuta ɗaya.

Hanyoyi biyu na raba irin wannan lissafi su ne MPI da OpenMP. MPI, wanda ƙa'idarsa ta farko ta fito a 1994, yana rarraba aiki ga kwamfutoci, kowacce da ma'adanarta, sai dai su aika wa juna saƙo. Shi kuwa OpenMP na 1997 a cikin na'ura ɗaya yake aiki: zaruruwa (threads, wato ƙananan ma'aikatan shiri ɗaya) da yawa suna ɗiba daga ma'adana guda, kamar teloli a shago ɗaya suna yanka daga bandir ɗaya. In an haɗa su, saƙonni kan ragu, kwafe-kwafen bayanan kan iyaka, waɗanda kowane ɓangaren aiki ke ajiyewa daga maƙwabcinsa, kuma su rage cin ma'adana.

Matsalar tana wajen tsarawa. A ce na'ura mai furosesa biyu, kowanne da ƙwaya (core, wato sashen da ke yin lissafi) 16. Idan ɗalibi ya tayar da ayyukan MPI 32 bai saita OMP_NUM_THREADS mai ƙayyade yawan zare ba, kowanne kan iya buɗe zare 32, wato 1,024 suna turereniya kan ƙwaya 32. A fara da aikin MPI ɗaya ga kowane furosesa, zare 16, a ɗaure su ga ƙwayoyinsu da saitin OMP_PROC_BIND don kada su yi ta yawo.

Akwai wani tarkon da ya fi damuna, domin ba ya nuna kuskure, sai dai jinkiri. Linux kan ajiye bayani kusa da furosesan da ya fara rubuta shi. In zaruruwan sun bazu a furosesa biyu, amma zare ɗaya ne ya zuba lambobin farko, rabin ma'aikatan daga nesa za su riƙa ɗauko kaya. Kowane zare ya fara cika rabonsa da kansa.

Kuma wajen tayar da MPI a kira MPI_Init_thread a maimakon MPI_Init, a nemi matakin FUNNELED in babban zare kaɗai ke aika saƙo, a duba matakin da aka bayar.

Don Allah malamai, kafin a karɓi aikin ɗalibi, a sa shi ya gwada ayyukan MPI sau zaruruwa: 32 sau 1 (MPI zalla), da 8 sau 4, da 2 sau 16, ya rubuta daƙiƙoƙin kowanne. Sau tari MPI zalla ne zai yi nasara, kuma ya kamata ya iya faɗin dalili.

Naku,
Mai karatu daga Gwale, Kano