Zuwa ga mutumina, kan rigimar Auta da rubutu

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya aiki? Na san idan kai zan jira ka fara rubutowa, sai furfura ta gama cinye kaina ban ga takardarka ba.

Wata rigima ce ta taso mana. Auta ta ce za ta ajiye koyarwa ta zauna rubuta littafi. Gwaggo har da kuka, aka kuma ce ni ne mai boko, in je in yi mata magana. Na tafi da ƙarfina, na ɗauko mata Abubakar Imam. Na ce ai malami ne a Midil ta Katsina lokacin da Baturen nan Rupert East ya sa gasar rubuta littattafan Hausa ta 1933, da alli a hannunsa ya rubuta Ruwan Bagaja. Yayansa Bello Kagara mai Ganɗoki malami ne, Tafawa Ɓalewa mai Shaihu Umar ma koyarwa yake yi a Bauchi. Wa ya ajiye aiki a cikinsu?

Ka san bakin yarinyar nan. Ta bari na gama tsaf, sannan ta ce, "To Yaya, Magana Jari Ce fa?" Wai ai sai da aka ɗauke shi daga aji a 1936 aka kai shi Zariya, ya yi wajen wata shida ba abin da ke gabansa sai rubutu, kafin littafin ya samu. Ta ci gaba da lissafo min: 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, 1943 ga shi a Ingila cikin ayarin 'yan jarida, daga nan sai majalisa da aikin hukuma har ya rasu a 1981. Mutumin da aka haifa a 1911, in ji ta, labaransa da muka tashi da su duk ya rubuta su ne kafin ya cika talatin, sauran shekarun ofis ya kwashe.

Gaskiyarta ta wani ɓangaren, amma ni har yanzu ina kan bakana. Imam da aka kai Zariya da albashinsa, ga masu buga littafin a shirye, ga makarantu na jira. Ita fa? Da kuɗinta za ta buga, kafin ta mayar da uwar kuɗi wani ya ɗauki hotonsa ya watsa a WhatsApp. Wannan ne ke hana ni barci.

Af, Alhajin naku ya ƙara aure, kuma wallahi wadda ka ce ce. Ban san yadda kake yi ba, kana nesa amma gulmar gari ta fi zuwar maka da wuri.

Kai ma ba ka tsira ba. Ina labarin nan da ka karanta mana babi uku, ka bar mu da jarumin a hannun 'yan sanda? Auta har da kai ta kafa hujja, wai dubi yadda aiki ya yi da kai. Don Allah ka kira ta, tana jin maganarka fiye da tawa. Ko hutun shekara ɗaya ba albashi ta nema, kada dai ta miƙa takardar barin aiki kafin ƙarshen zangon nan.

Ka gaida uwargida da yara. Ka ce mata saƙonta yana nan, mai zuwa ne ban samu ba.

Naka har kullum.